Rasuwar Ɗan Shuɗi, Bahon Da Ya Tari Lita Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata goma da har yanzu ba su fita ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar bahona na roba, wanda aka fi sani da Ɗan Shuɗi. Ya cika ranar Asabar da rana tsaka, a rumfar motar gidanmu, bayan shekara goma sha ɗaya yana tare da ni. Ya rasu a bakin aiki, sa'a ɗaya da rabi bayan Yaya ya tsaya a kaina ya ba ni umarni in fito daga ƙarƙashin jif ɗin Baba, ni kuma na ce ba zan fito ba.

Wanda bai san gidanmu ba yana da haƙƙin a yi masa bayani. Ni ce auta. Ni ce kuma wadda ta yi shekara biyar tana karatun injuna a jami'a, ta dawo da takarda, aka sa wa takardar gilashi aka rataye ta a falo. Tun daga ranar takardar ke aikin burge baƙi, ni ina zaune. Kawu ya tanadar mini kujera a ofishinsa, mai juyawa, sanyi na busawa, aikin kuwa ɗaga waya da cewa ba ya nan. Ni abin da nake nema makullin tsohon siton da ke jikin katangarmu ne, mai ƙofa ta titi, in buɗe wurin gyaran mota. Wata bakwai muna ja. Da Baba ya gaji sai ya yanke hukunci: in yi wa jif ɗinsa juyen baƙin mai a gida, da hannuna. In ta tashi lafiya, makulli nawa ne. In ta yi ko da tari ɗaya, ranar Litinin in nemi takalmi mai tsini in tafi wurin Kawu.

Jif ɗin nan kuwa ba a shigarta sai an karkaɗe ƙafa. Kujerunta na fata ne, suna yi wa mutum tausa a baya. Ko gyaɗa ba a taɓa ci a cikinta ba. Tun da ta zo gidan ba ta san sifana ba sai a babban gareji, inda ake zaunar da mai mota a ba shi shayi. Amma wannan sanarwa ba tata ba ce. Ita tana nan da ranta, ta fi kowa lafiya.

An haifi marigayin a wata masana'anta da bai taɓa ambata ba, tambarin gindinsa ma ya daɗe da gogewa. Umma ce ta saye shi ranar da za a kai ni makarantar kwana, ta rubuta sunana a gefensa da jan farce. An ɗauke shi aikin wanki ne kawai, amma bai taɓa cewa wani aiki ba nasa ba ne. Ya yi mini kujera a layin famfo. Ya yi mini tebur lokacin jarrabawa, ya yi mini lema, ya yi mini akwati ranar da zif ɗin jakata ya ƙi. Damina uku ya tari yoyon rufin ɗakinmu, daidai ƙafar gadona. Har yanzu ina jin muryarsa: “Tak… tak… tak,” in yana fanko. In ya kai rabi sai ya sauya zuwa “ƙwal, ƙwal,” da haka nake sanin lokacin zubarwa ya yi. Sau biyu aka sace shi, sau biyu na je na ɗauko shi a ƙarƙashin gadon ɓarauniya, jan farcen Umma na ba da shaida.

Da na shiga jami'a ya bi ni. Mu saba'in ne a ajinmu, mata uku, kafin shekara ta biyu ta ƙare na zama ni kaɗai ce mace. A cikinsa na wanke ƙarafan inji da kananzir, a cikinsa na jiƙa rigar aikina duk ranar da aka turo ni ƙarƙashin tsohuwar motar makaranta don a ga ko zan yi kuka. Ban yi ba a gabansu. Wanda na yi a ɗaki, shi kaɗai ya gani, kuma bai kai wa kowa ba. Cikin duk waɗanda na zauna da su, shi ne bai taɓa tambayata me mace za ta yi da sifana ba.

A shekara ta uku ya faɗo daga saman motar haya, ya tsage tun daga baki har rabin ciki. Mai gyaran roba ya yi masa aiki da wuƙa mai zafi, ya like shi da guntun jar roba, domin shuɗiya ta ƙare. Ya tashi da jan tabo, ya koma bakin aiki washegari. A tuna da tabon nan, zai sake zuwa.

Ga yadda jinyar ƙarshe ta kasance.

Littafin motar ya ce cikinta na ɗaukar mai lita tara. Farantin juyen da nake da shi shida yake ci. Na nemi babbar tukunyar Umma, ta yi mini kallon da ya sa ban ƙarasa maganar ba. Na zagaya gidan kaf, babu abin da zai shiga ƙarƙashin mota kuma ya ɗauki lita tara sai Ɗan Shuɗi. Ban nemi shawararsa ba. Dama ban saba ba.

Ƙa'idar aikin ita ce a ɗan ɗumama inji, minti biyar, don mai ya saki jiki ya zubo. Ɗumi ake so, ba tafasa ba. To da safen nan sai Yaya ya ɗauki motar ya yi doguwar tafiya a babban titi, ya dawo da ita tana huci, ya kuma sanar cewa ya riga ya kama mata layi a babban gareji, don ya rufa wa gidanmu asiri. Yaya ma'aikacin banki ne, mutumin kirki, amma in ka ce ya buɗe bonet sai ya buɗe but. Kafin ya gama shan ruwa na ɗaga motar, na kafa mata ƙafafun ƙarfe, na shimfiɗa kwali, na shige.

Ya fito ya tarar da ƙafafuna biyu kawai a waje. Ya ce in fito, wannan ba motar koyon hannu ba ce. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce masa ai ni ba rimi na hau ba, ƙasa na shiga, kuma abin da nake gani daga nan shi bai taɓa gani ba. Ya ce zai ja ni ta ƙafa. Na ce bismillah, amma ya sani riƙe nake da sifana mai lamba goma sha bakwai. Daga inda nake kwance babu abin da nake gani nasa sai fararen takalma, sababbi, suna kai da komo kamar tantabaru biyu.

Sukurori goma sha huɗu ne ke riƙe da murfin da ya rufe cikin motar. Na kwance su ɗaya bayan ɗaya na jera a moɗa. Na jawo Ɗan Shuɗi na daidaita shi. A nan ya kamata in dakata. Ƙarfen na ƙona bayan hannu, na san mai bai huce ba. Da na yi kwanciyata minti arba'in, ba abin da zai faru, domin babu mai tuƙa mota a kan ƙanwarsa. Amma so nake Yaya ya ji zubar man nan tun bai rufe baki ba.

Na sassauta notin da ke toshe mafitar mai, na ƙarasa da yatsu. Mai ya yi tsalle, ya lashi wuyan hannuna, na cije leɓe don kada takalman nan su ji. Marigayin ya karɓa: “Shaaa,” sannan “ɓul, ɓul, ɓul.” Ina kallo man yana hawa, ya haɗiye sunana harafi bayan harafi. Gefunansa suka fara buɗewa kamar mai neman numfashi. Da man ya taɓa jan tabon, sai ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba cikin shekara goma sha ɗaya: “Ƙiiiƙ.” Fuskata ba ta fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba. Da ya saki a lokacin, da wata sanarwar ake karantawa yau.

Bai saki ba. Ya riƙe har ɗigon ƙarshe.

Na ja shi a hankali da tsumma zuwa gindin ginshiƙi, na shaida wa duk mai kunne cewa kada a taɓa shi, in ma ya zama dole, ja ake yi, ba a ɗagawa. Na koma na mayar da noti da sabon zoben tagulla, na ɗaure daidai yadda littafi ya ce. Na sauya filta, na mayar da murfi da sukurorinsa goma sha huɗu, babu wanda ya yi saura a moɗa. Na sauke motar, na zuba sabon mai ta mazurari.

Irin wannan motar ta manya ba ta da sandar awon mai. Sai an tayar, a zuba wa allo ido, ita da kanta ta faɗi ko ta ƙoshi. Baba ya fito da kofin shayinsa, ya karkaɗe ƙafa, ya shiga ya tayar. Umma ta tsaya a ƙofar kicin riƙe da ludayi. Yaya yana duba agogo. Wani siririn layi ya fara rarrafe a allo, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. A cikin mintunan nan na ga kujerar Kawu tana juyawa, tana jirana. Sai layin ya tsaya, ya zama kore.

Baba ya kashe motar, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya tura farin hankici ƙarƙashinta, ya jira. Ya jawo shi fari fat. Sannan ya miƙe ya ce makullin sito yana aljihun rigarsa mai ruwan toka, a bayan ƙofa. Ina mai shaida cewa marigayin yana da rai a wannan lokaci, kuma ya ji da kunnensa.

A nan ne Yaya, da kyakkyawar niyya, a shaide shi, ya ce tunda auta ta fitar da mu kunya bari shi ma ya sa hannu. Ya naɗe hannun riga. Kafin in buɗe baki ya kama bakin baho ta gefe biyu ya ɗaga. Kalmar marigayin ta ƙarshe guda ɗaya ce: “Ɓas!”

Lita tara ta sauka a farin tayil ɗin Baba, wanda ake wankewa sau biyu a mako. Man ya riga ya huce, don haka ba a yi asarar fata ba, sai ta takalma. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya yi wa hukuncinsa gyara kaɗan: makulli yana nan a aljihu har ranar da tayil ya koma fari.

Kan dangi ya rabu game da sanadin mutuwar. Umma ta ce Yaya ne. Yaya ya ce tsufa ne. Ni da na yi karatun abin na san gaskiya: zafi ne ya narkar da likin, Yaya ya zo ne kawai a kan gaɓa. Wadda ta zuba zafin kuwa ita ce mai wannan sanarwa.

Marigayin ya bar ƙaninsa bokiti, wanda ya rasa mariƙinsa tun bara, da moɗa, da kwandon soso, da ni. Takalman Yaya suna kwance a bayan kicin, hali ya yi tsanani, ana roƙon a sa su a addu'a.

An riga an yi masa wanka da garin katako, sannan da ruwan ɗumi da sabulu, sau uku. Man da ya bari an kwashe shi a galan za a kai wa masu karɓar tsohon mai, ko cokali ba zai shiga kwata ba, domin marigayin mai tsafta ne. Umma ta kawo shawarar a ba masu sayen tsohuwar roba gawar. An gode mata, an ƙi. Ranar Asabar mai zuwa, in tayil ya yarda, za a ɗauke shi daga rumfar mota da ƙarfe goma na safe, a rataye shi a ƙusa saman ƙofar sito, jan tabon na kallon titi. Yaya ne zai riƙe tsani, an hana shi taɓa mamacin.

Ana karɓar gaisuwa kullum a rumfar mota daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Babu kujeru, a durƙushe ake zaman, kowa ya zo da buroshinsa da tsofaffin kaya. Mai nasiha game da ofis ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmansa. Masu niyyar kawo sabon baho, na gode, amma ba yanzu ba.

Ga abin da ƙin fitowata ya ci, don kada a ce na ɓoye. Kwana huɗu ke nan ina durƙushe, tayil bai wuce ruwan toka ba. Akwai tabo a wuyan hannuna da ba zai goge ba. Kawu ya ba wata yarinya kujerar, kuma in na gaishe shi sai ya duba wayarsa. Duk wannan na ɗauka, in aka sake ce mini in fito gobe, ba zan fito ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: shekara goma sha ɗaya yana tarar duk abin da na zuba masa, minti arba'in kaɗai ya taɓa buƙata a wurina, ban ba shi ba.