Ranar Rigakafi Ta Tsallake Wata

"Lafiya lau na tashi, ganinka ne ya ɓata min safiya," ta ce, ko ɗago kai daga kwamfuta ba ta yi ba.

Ɗan kawunta ne, abokin wasanta, shi ma rubuta manhaja yake yi. Ya tarar da ita a teburin falo da jaririya a goye, shayinta ya huce a gefe. Aikinta na farko ke nan tun da ta haihu: manhajar da za ta riƙa tuna wa iyaye ranar rigakafin 'ya'yansu. Gobe asibitin da ya ba ta aikin zai gwada, ga shi duk ranar da ta saka sai ta tsallake wata guda.

"Gajeriya, haihuwa ta tafi da rabin ƙwaƙwalwar. Da ma can rabi ce."

"Kai fa? Kai kamar tulu, ciki sai iska."

Ya jawo kujera, ya rantse girman kai ne ya sa ta ƙirƙiri nata lissafin kwanan wata, ta bar fankshan, wato shirin lissafin da ke zuwa da yaren rubuta manhajar, wanda aka riga aka rubuta wa kowa. Ta nuna masa layin da yatsa: da fankshan ɗin ta yi amfani. Ya ce to rana da wata ta juya. Ya jawo kwamfutar, ya musanya su yana fito. Abin ya ƙara dagulewa.

"Sannu likita. An zo da ciwon kai, ka yanke ƙafa."

Ta yi dariya, amma ya ga idonta ya ciko. A hankali ta ce tana tsoron hannunta ya manta aikin. Bai mayar da zolayar ba. Ya kwance jaririyar ya saɓa a kafaɗa, ya ce ta daina zato, ta tambayi fankshan ɗin da kansa.

Ta ba fankshan ɗin ɗaya a gurbin wata, ya fito da Fabrairu. Ta ba shi sifili. Janairu.

"Daga sifili yake ƙirga wata," ta ce. Ta mayar da rana da wata yadda suke, ta rage ɗaya a lambar wata, ranakun suka zauna daram.

"Ki gaya wa asibiti ni na gano."

"Kai raino aka ɗauke ka."

Ya buɗe baki zai rama, jaririyar ta sheƙa masa tumbuɗi a sabuwar riga. Ya dubi rigar, ya kwashe da dariya.

"Na sallama. Uwa ta gyara manhaja, 'ya ta gyara ni. Miƙo tsumma."