Kilishin Cikin Roba

Ni ne da laifi. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya ce wanke kaina na zo yi. Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwar matata a Tasawa ba, ranar da bakina ya yanka mini wuya a gaban baƙi, kuma a kunnen mutumin da ko tari ba na iya yi a gabansa.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Gidan Amumune. Karatuna bai yi nisa ba, aji shida na yi a lakwal na ajiye, amma in dai gardamar ƙasa ce, ko mushe, malamin lakwal, ba ya kayar da ni. A fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, babu wanda ya kai ni kukan halin da muke ciki. Ni ne mai cewa ramukan hanya sun cinye mini taya, ni ne mai cewa kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, baƙon kunya ne, ya leƙo ya koma. Wannan tsakaninmu ne. Amma bari wani daga ƙetaren iyaka ya faɗi rabin abin da nake faɗa, sai ka ga jijiyar wuyana ta miƙe. (Na yi shekara uku ina sayar da shayi a Najeriya. Na sami alheri, ban musa ba. Sai dai ba a rasa mai cewa, "Kai ɗan Nijar, garinku akwai mota kuwa?" Tun lokacin na ƙulla abin a raina.)

Surukina mahauci ne a Tasawa, kilishi ne sana'arsa tun ban zo duniya ba. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Baba nake ce masa. Shekara takwas ina auren ɗiyarsa Rabi, ban taɓa cin loma ɗaya a gabansa ba, ban taɓa taka zaurensa da takalmi ba. In na hango shi a kasuwa, layi nake sakewa. Shi kuma bai taɓa barin Rabi ta dawo mini hannu rabbana ba, kullum da ƙunshin kilishi cikin takardar siminti, a ce a kai wa maigidanta. Da idonsa ya fara rauni, ya miƙa wa ƴaƴansa maza wuƙa, ya koma zama bakin rumfa yana yi musu faɗa.

To ango ɗan Najeriya ne, daga wajen Katsina, kuma ni aka ba aikin zama da abokansa da ƴan uwansa, tunda na zauna ƙasarsu. Da safe, kafin in fita masallaci, Rabi ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Don Allah maigida, ka riƙe bakinka yau. Baƙi ne, kuma surukai ne."

Na ce, "Ni hwa ba ni da rigima da kowa, in dai ba a taɓa ƙasata ba."

Ta ce, "To ai shi nake gudu."

Aka ɗaura aure lafiya, aka raba goro da dabino. Muka koma rumfar da aka kafa a ƙofar gida, aka raba ta biyu da zana: wancan gefe dattawa, wannan gefe mu da baƙi. Cikin baƙin akwai wan ango, Alhaji Bala, mutum mai tumbi da yawan dariya. Yanzu na gane wasa kawai yake so. A ranar kuwa, gani na yi ya zo yaƙi.

Yana zama ya dafa ƙugu ya ce, "Abokina, wannan hanya da muka biyo, hanya ce ko kunyar dankali? Hanjina duk ya juye."

Na ce, "Alhaji, ramukanmu ne, mun san su sun san mu. Baƙo kaɗai suke kayarwa."

Aka yi dariya. Ya ciro wayarsa ya ce a taimaka a sa masa caji. Aka ce an ɗauke kuran tun asuba. Ya tafa hannu ya ce, "Ashe ku ma! To ai wutar ma mu muka saba ara muku."

Wannan ta shige ni, don na san akwai gaskiya a ciki. Na gyara zama na ce, "Albasar da ke cikin miyarku daga ina take zuwa? Ragon layyarku hwa, a gidan wa aka haife shi? Ku turo babban ƙatonku filin kokowa, in ɗan ƙauyenmu bai shimfiɗe shi ba kafin makaɗi ya gyara ganga, ku canza mini suna."

Abokan ango suka ce, "Kai, ɗan Nijar ya yi zafi!" Ni kuma kaina ya ƙara girma. Alhaji Bala ya share hawayen dariya ya ce, "To mun bar muku albasa. Amma kilishi namu ne, ku dai kun koya."

A Tasawa! A ƙofar gidan mahauci! Na ce, "Alhaji, ko idona a rufe, in aka sa mini kilishi a baki zan gaya maka na wace ƙasa ne." (Da ma na rufe idon. Da ban shiga uku ba.)

Kamar an shirya, sai ga babban tire an shigo da shi. Kilishi iri biyu ne a kai. Ɗaya a buɗe cikin takardar siminti, mai ya jiƙa ta, yadda na saba gani duk rayuwata. Ɗayan kuma an yayyanka shi daidai wa daida, an jera cikin wasu robobi masu murfi, fes da su, irin waɗanda na riƙa gani a manyan shagunan can. Ban tambayi kowa ba. Na ce a raina, ga namu, ga kuma tsarabar da baƙi suka kawo don su yi mana burga.

Na buɗe roba na ɗauki yanka ɗaya na kai baki. Ga inda laifina yake, kuma shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa: harshena ya faɗa mini gaskiya. Naman ya narke, ƙuli da citta da kanumfari suka buɗe mini hanci, na ji ban taɓa cin irinsa ba. Amma idona ya riga ya yanke hukunci cewa na Najeriya ne, kuma ni ba zan yabi na Najeriya a gaban Alhaji Bala ba ko za a yanka ni. Sai na yamutsa fuska, na juya na tofar.

Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan ne kilishin? Wannan ai tsohon takalmi ne aka shafa wa barkono! Roba a waje, roba a ciki. Wanda ya yanka naman nan bai san wuƙa ba. A karɓe ta, a ba shi gatari ya je faskare!"

Sannan na yagi na cikin takarda, na miƙe tsaye, na ɗaga shi sama kamar tuta. "Ga kilishi! Ga hannun Tasawa! Ku ci ku koma ku ba da labari."

Babu wanda ya yi dariya. Abokan ango suna kallon juna. Alhaji Bala a hankali ya ce, "Abokina, wannan da ke hannunka mu muka zo da shi. A tasha muka saya da za mu taso."

Kafin maganar ta gama shiga kaina, sai na ji gyaran murya daga bayan zana. Muryar da zan gane ko cikin kasuwa. Baba ne, yana zaune da liman da sauran dattawa, tsakanina da shi bai fi taki uku ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "To, ku kawo gatarin."

Daga baya na ji sauran. Kwana uku Baba ya yi a kan kilishin nan. Ya karɓe wuƙa daga hannun ƴaƴansa, ya ce na auren autarsa shi zai yanka da kansa, yana laluben naman da yatsa saboda idon. Robobin kuwa shi ya aika aka sayo, ya ce kada baƙi su ga takardar siminti su raina mu. Wato shi ma kishin ƙasar ne ya sa shi, sai dai nasa a hannu yake, nawa a baki.

Abin da ya ƙarasa ni, Alhaji Bala ne ya jawo robar da na zaga, ya ci, ya lumshe ido ya ce, "Wallahi namu bai kama ƙafar wannan ba." Suka cinye roba uku, suka roƙi ta huɗu su tafi da ita gida. Ɗan Najeriya ne ya tsaya wa kilishin Tasawa, ni ɗan ƙasa ina tsaye da na tasha a hannu. Ban san yadda na sami takalmina ba. Na hau babur, ban tsaya ko'ina ba sai Gidan Amumune.

Rabi ba ta dawo ba. Aka ce tana taya gyaran gida. Kwana biyar, kwana tara. Na kira ta, ta ce, "Baba bai ce komai ba." Na ce to alhamdu lillahi. Ta ce, "Bai ce komai ba, kuma bai sake zama bakin rumfa ba. Kai ka san abin da ya dace, ni ba ni taka ƙofarka da kunyar nan." A fada kuwa, ina zuwa sai wani ya ce, "A ba shi gatari!" Har wanda ban taɓa ɗauka a babur ba ya san labarin.

Kada ku ɗauka na sauka daga kan maganata. Har gobe in wani ya raina Nijar a gabana zai ji amsa, ramukanmu da kuran ɗinmu duk na ji na gani. Kilishin Tasawa kuma babu kamarsa, shaidata ma daga Katsina ta zo. Abin da na koya shi ne, in za ka yi faɗa don gidanku, ka fara sanin hannun mutanen gidan, kuma ka leƙa bayan zana.

Ranar kasuwa na je wurin maƙeri na sayi gatari. Na ɗauki kawuna, ƙanin mahaifina, a bayan babur, don suruki ba ya zuwa irin wannan shi kaɗai. Muka isa Tasawa da hantsi. Akwai tulin itacen gashi a bayan rumfar Baba. Na tuɓe riga na fara faskare, mutane suna wucewa suna dariya, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Sai da na gama tulin kawu ya yi sallama a zaure. Na cire takalmi, na shiga, na durƙusa wa Baba, gatarin a gabana, idona a ƙasa.

Na ce, "Baba, ga gatarin, ga wanda ya dace da shi. Na ci naka na ji daɗinsa, na yi ƙarya don kada baƙo ya ci ni da gardama. Shekara takwas kana ciyar da ni, ban gane hannunka ba sai takardarka. Ba baƙi suka raina mu ba, ni ne. Don Allah ka yafe mini, ka koma bakin rumfarka."