Gardamar da Mama Ta Bari

"Ya gajiyar zaman banza, Baban Nkole? Ashe kana nan. An ce min an haɗa ka da matarka an binne, na ce ƙarya ne, ƙasar Kabwe ba ta haɗiye 'yan Bemba biyu a jere, sai cikinta ya ɓaci."

Mama Tikambenji Shawa ke nan, tun daga bakin ƙofa, ba sallama ba neman izini. Ni na aika a kira ta, kuma ban ji kunya ba. Tun da muka binne mahaifiyata, Baba ya dasa kansa a kujerar falo, ba fita ba hira, tuwon masara yadda na ajiye haka nake ɗaukewa. Na yi lallashi, na yi kuka a madafa, fasto ya zo ya yi nasa ya tafi. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga mutumin nan bin ta yake shirin yi. Ɗiya ba ta ɗaga wa uba murya. Amma Tikambenji 'yar ƙabilar Ngoni ce, mu Bemba, wato mbuyarmu ce, abokiyar wasa. Su suka haƙa kabarin Mama, su suka bulbule mu da garin masara a gidan makoki, kuma duk abin da bakinta ya ɗauko babu mai ikon yin fushi.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Nkole, rufe buhun masara. Masu cin ɓera sun shigo, sun biyo sawun abincinsu."

Maganar da ta fi kowace tsawo ke nan da na ji daga bakinsa tun ranar jana'iza. Na laɓe a ƙofar madafa ina share ido da bakin zane.

"Mu ɓeranmu a gona muke kama shi, mu babbake, mu sa gishiri," in ji Tikambenji. "Ku fa? Ku ga ɗan'uwanku a kan bishiya yana gaishe ku, ku harbo shi ku sa a tukunya. Shi ya sa duk birin da ya ga ɗan Bemba sai ya fara addu'a."

"Me ya kawo ki?"

"Kaya na zo ɗauka."

Ta wuce kai tsaye wurin talabijin, wadda Baba ya sa na lulluɓe da mayafi, ta dafa ta da tafin hannu.

"Na kama. Abin da mbuya ta dafa a gidan makoki nata ne sai an fansa, kai ma ka sani. Tawa ta ƙone, kuma yau ake yanke wa Bakwai hukunci. Ba zan mutu ban gani ba."

Duk unguwarmu babu wanda bai san Bakwai ba. Mutum-mutumi ne a wasan kwaikwayon da ake sakawa ranar Lahadi da yamma, na ƙarfe, mai wanke-wanke a gidan wani attajiri. Ran da maigidan ya mutu, Bakwai ya ajiye soso, ya je ya zauna cikin masu makoki, ya ce shi ma an yi masa rashi. Magada suka ce a kwance shi a sayar, 'yan'uwansa na ƙarfe suka daina aiki a faɗin gari, magana ta kai gaban alƙaliya: mutum ne ko kaya?

"Ɗauke hannunki," in ji Baba. "Za ki shafa mata warin ɓera."

"Zo ka ɗauke shi. Au, na manta, batirinka ya mutu. Nkole, ina wayar cajin babanki? Bakwai ma da aka yi shi da ƙusa ya fi shi motsi."

"Bakwai tukunya ce mai waya."

"Tukunyar da ke kuka?"

"Mai ne ke yoyo. Ai ɗan Ngoni ne, duba shi da kyau. Kai fanko, a ce tafi ya tafi, a ce tsaya ya tsaya. Irinku ne da kuka taso tun daga kudu da masu da garkuwa, kuka zo nan mata suka ƙwace muku yare."

"Ɗan Bemba ne tsantsa. Rana ɗaya ya samu baki, aiki ya tsaya, sai jawabi. Kun taɓa ganin ɗan Bemba da fartanya? Ku sare bishiya ku cinna wuta, ku koma inuwa kuna ba da labarin sarauta."

"Sarauta ai sai mai ita. Ke baiwata ce tun kakanni."

"Baiwar da za ta tafi da talabijin ɗin ubangidanta yana kallo."

Ta naɗe mayafin ta yi gammo, ta tsuguna, ta rungumo talabijin ɗin. Matar nan ta haura saba'in, gwiwoyinta har ƙara suke. Na yunƙura zan tare ta, ta harare ni na koma. Ta ɗaga, ta yi tangal-tangal, wayar da ke jikin bango ta miƙe.

Sai ga Baba a tsaye. Ban san lokacin da ya tsallake teburin ba. Ya riƙe gefe ɗaya, ita ta riƙe ɗaya, suna huci kamar raguna.

"Saki, mahaukaciya, za ki fasa."

"Ashe ƙafafun na aiki. To fanshi kayanka. Ba na son kaza, ba na son komai. Kunnawa za ka yi mu kalla."

"Ba za a kunna ba."

"Don me?"

Suka sauke talabijin ɗin a kan teburi tare.

"Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, Katongo," in ji ta, a hankali. Ban taɓa jin wani ya kira sunan Baba gatsau haka ba, ban da mahaifiyata.

Ya ce, "Tun farkon wasan nan muke gardama da uwar Nkole. Ita ta ce mutum ne, ni na ce ƙarfe ne. Har a gadon asibiti sai da ta ce in bari a zo ƙarshe, zan sha kunya. To yau idan alƙaliya ta ce ƙarfe ne, wa zan yi wa dariya? Idan ta ce mutum ne, wa zan ce wa kin yi gaskiya?"

Ni da nake ɗiyarsa, kullum ina gidan, ban san wannan ba. Abin ya yi min ciwo. Na ɗauka Tikambenji za ta rarrashe shi. Ina, ɗaure zanenta ta sake yi.

"Wannan ne kawai? Kai Bemba akwai raki. Wa ya wanke ta?"

"Ku."

"Wa ya haƙa, wa ya rufe, wa ya share gidan nan bayan an watse?"

"Ku, kuka kuma sace min akuya."

"Ladan aiki ne. To duk nauyin da mamaci ya bari mbuya ke ɗauka, har da gardamarsa. Na gaji tata. Daga yau ni ce mai cewa mutum ne, kuma ni ba ni da haƙurinta. Zauna ka sha kashi."

"Ke? Ke da ba ki san bambancin mutum-mutumi da injin niƙa ba?"

"Na san bambancin mutum da biri, abin da ya gagari danginku."

Baba ya ce, "Nkole, jona wayar nan. Zan koya wa baiwar nan hankali."

Na jona. Na kuma lallaɓa na ajiye tuwo da miyar gyaɗa da ƙananan kifi a tsakaninsu. Ga Bakwai a gaban kotu, an ɗaure masa hannu da sarƙa.

"Dubi idonsa, wallahi tausayi," in ji Tikambenji.

"Ƙwan fitila ne."

"Ya ce yana mafarkin maigidansa."

"Rediyona ma yana magana shi kaɗai idan ruwa ya taɓa shi. Matsar da hannunki, wannan kifin nawa ne."

"Da ka ce ba ka ci?"

"In bar wa 'yar Ngoni? Gara in ƙware."

Haka suka yi ta yi, har ban ji rabin shari'ar ba. Da alƙaliya ta gyara tabarau ne kowa ya kama bakinsa. Ta ce ita ba ta san abin da ke cikin ƙirjin Bakwai ba, kamar yadda ba ta san na kowa ba, amma wanda ya iya rashi ba za a sa shi a sikeli a sayar ba. A kwance masa sarƙa.

Tikambenji ba ta yi guɗa ba. Ta zuba wa Baba ido tana jira. Shi kuma ya daɗe yana kallon loma a hannunsa.

"An sayi alƙaliyar nan," in ji shi.

"Katongo."

"To, na ji. Uwar Nkole ta yi gaskiya." Ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu. "Ke za ki kai mata saƙon. Da wannan cin ɓeran naki, ai ke za ki riga ni isa."

"Zan kai. Amma ba na sauri, sai na binne ka tukuna, in ga wanda zai hana ni ɗaukar talabijin."

Dariya ta ƙwace wa Baba, irin mai haɗe da tari, har sai da na miƙa masa ruwa. Ya sha, ya nuna ta da kofin.

"Nkole, kama mata zakaran nan mai jan wuya, ta ɗanɗana naman mutane ko sau ɗaya. Kuma ki gaya mata ranar Lahadi ta zo da wuri. An ce za su fara wani sabo, kuma duk abin da ta ce, ban yarda ba."