Farcen Shef Zakiru

Duk unguwar Bololo babu masanin dabbobi kamar Shef Zakiru, wato oga Zakiru. Shi da kansa ya sha faɗa. Shekara bakwai yana buɗe ƙofar wani asibitin dabbobi yana rufewa, ilimi na wucewa ta gabansa safe da yamma, ai dole wani ya maƙale masa. Da aka sallame shi, ya fito da farar riga, da salula rataye a wuya, da dogon farce a ƙaramin yatsa. Burinsa ɗaya a duniya: ofis nasa na kansa, da mai gadi a ƙofa, ba mai shiga sai da izini.

Ana saura kwana goma Babbar Sallah wani mahauci ya rasu, jini na zuba ta hancinsa. Likitoci suka ce cutar kaska ce, ba kasafai ake ganinta ba, amma in ta kama ba ta wasa. Yayar Shef, Shatu, ma'aikaciyar jinya, ta bi kasuwar raguna tana roƙon mutane kada su cire kaska da hannu, kada su murtsuke ta.

Abin ya yi wa Shef ciwo. A kasuwarsa, yana tsaye, mace na karantarwa!

"Jama'a," in ji shi, "cutar nan na san ta tun tana ƙarama. Kaskar ƙasashen waje ke ɗauke da ita. Tamu ta Cadi mai tarbiyya ce."

Ya ɗaga kunnen wani rago, ya zaɓo kaskar da ta fi ƙoshi, ya fasa ta da farcen nan mai daraja. Jini ya fantsama. Ya goge ido da bayan hannu, ya jira tafi.

"Zakiru, don Allah wanke hannunka," in ji Shatu.

"Yaya, a nan Shef nake."

Kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce gajiyar manya ce. Sai da dasashinsa ya fara jini Shatu ta sa aka kinkime shi zuwa asibiti, tana kuka tana zaginsa.

To, Allah ya cika buri. Ɗaki nasa shi kaɗai, mai gadi a ƙofa, ba mai shiga sai da izini. Likitoci ma sai sun rufe fuska suke zuwa gabansa.

Da Shatu ta shigo sanye da safar hannu, Shef ya ce da 'yar murya, "Yaya, zan tashi kuwa?"

"Sai yadda Allah ya yi," ta ce, ta zaro almakashi. "Miƙo yatsan."