Yadda Za Ka Kayar da 'Yarka a Zaɓen Ƙungiyar Ɗalibai

Wannan darasi naka ne, kai uban da ya tura 'yarsa jami'a neman digiri na biyu, ta je ta zama shugabar ƙungiyar ɗalibai. Na san halin da kake ciki. Abokai suna yi maka barka, kana washe baki, amma barci ya ƙaurace maka. Kwantar da hankalinka. Ni mai gyaran firij ne, bokona bai yi nisa ba, amma na kayar da shugaba mai ci, 'yar cikina, ban liƙa fosta ko ɗaya ba. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kujerar nan za ta rabu da ita, ko tana so ko ba ta so.

Mataki na ɗaya: Gane ciwon da wuri

Alamar farko waya ce. Da ita ake cin abinci, da ita ake wanke fuska. Alama ta biyu, bakin yarinya ya canza. Mahaifiyarta ta ce ta ɗauraye kofuna, ta ce wannan ba ya cikin abin da aka zo tattaunawa.

Daga nan ka tambayi kundin bincikenta, wato littafin da sai ta rubuta shi za a ba ta digirin. Tawa tana babi na uku tun ƙaninta bai fara gemu ba, yanzu har aski yake zuwa. Aikinta kullum na wasu ne. Ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwana, ita. Malami ya danne aikin ɗalibi bai duba ba, ita ce mai buga ƙofar shugaban sashe har sai an duba. Ta fitar da kowa, ita tana ciki.

Wata rana muna cin abinci, tsakanin waya da waya, ta ce jami'a ta ba ta wa'adi: ko ta miƙa kundin kafin ƙarshen wannan zango, ko a cire sunanta. Loma tana hannuna ta ƙara da cewa za ta sake tsayawa takara. In ka kai wannan matsayi, ajiye lomar, ka wuce mataki na biyu.

Mataki na biyu: Kada ka yi nasiha

Na gwada maka, ba sai ka wahala ba. Na zaunar da ita, na tausasa murya.

"Uwata, yaushe za ki gama karatun nan?"

"Baba, na ji ƙorafinka, kuma in sha Allahu za a duba shi."

"Wa zai duba?"

"Za a kafa kwamiti."

Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, kai ma an sa ka a layi ke nan. Ka yi haƙuri, ni tun bara nake jira."

Ka riƙe wannan ilimi: wanda ya saba jagorantar taro ba ya jin nasiha, saurarenta yake yi, ya gode maka, ya kira na gaba.

Mataki na uku: Nemi ƙofar shiga

Ba za ka kayar da mutum daga falon gidanka ba. Sai ka shiga inda masu ƙuri'a suke zama. Suna da wani ɗakin hutu a bayan ɗakin karatu: kujerun roba, butar lantarki da aka ɗaure igiyarta da leda, da wani tsohon firij mai nishi kamar majinyaci.

Ita da kanta ta roƙe ni in gyara musu shi kyauta. Ta ce, "Amma don Allah Baba, kada ka ce kai mahaifina ne, za a ce na ba 'yan gidanmu aiki." Na ce ai ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba.

Robar ƙofa ce kawai ta saki, aikin hantsi ɗaya. Kada ka kuskura ka gyara. Kwance murfin baya, baza kayan aiki a ƙasa, kwanta, ka riƙa girgiza kai kana cewa sai an samo wani ƙarfe daga nesa. Babu mai ganin mutumin da ke kwance bayan firij, shi kuwa yana jin komai. Idan sana'arka ba firij ba ce, nemi abin da ya lalace. A jami'a ba za ka rasa ba.

Mataki na huɗu: Ƙera abokin takara

A nan za ka sha mamaki, domin babu mai son kujerar. A irin wannan ƙungiya shugabanci yakan faɗa ne kan wanda ya fita ban ɗaki lokacin da ake raba muƙamai. Saboda haka kada ka nemi mai buri. Nemi wanda ba ya iya cewa a'a.

Nawa wani yaro ne da suke kira Dogo, yana bincike kan gara. Kullum yakan zo ya ajiye 'yan kwalabensa a firij, ya ba ni haƙuri, ya ba firijin ma haƙuri. Na ce to, ga shi.

"Dogo, an taɓa gaya maka kana da fuskar shugabanci?"

"Ni, Baba? Ni ko a aji ba na ɗaga hannu."

"Shi ya sa. Jama'a sun gaji da masu magana."

"Amma ita tana ƙoƙari fa."

"Ƙoƙarin ne zai kashe ta. Ba ka da tausayi ne?"

Ka yi ta maimaita masa haka safe da yamma. Ranar da ya zo da riga a goge, ka san ya kamu.

Mataki na biyar: Yi kamfe, amma toshe kunnenka

Kada ka zage ta, 'yarka ce. Ka ce ta gaji, ta rame, ya kamata a tausaya mata ta huta. Tausayi ya fi zagi saurin kayar da shugaba.

Sai dai akwai haɗari, kuma ni ya ci ni. Wani zai yarda da kai fiye da yadda ka nema. Ina kwance ina zuba wa'azina, sai wani mai tabarau ya ce, "Gaskiyarka Baba. Ai dama girman kai gare ta, ba abin da ta tsinana mana."

Ban san lokacin da na miƙe ba, sukundireba a hannu, kaina ya bugi kantar katako.

"Kai ɗan nan, wa ya samo muku ruwa? Wa ya tsaya a rana har aka duba aikinka? Da ba don ita ba da kana nan kana tsufa da tabaranka!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. A ranar na ƙara mata magoya baya da bakina, na koma gida da ƙulu a ka. Saboda haka ka tanadi auduga. Duk wanda ka ga zai buɗe baki ya goyi bayanka, toshe kunne.

Mataki na shida: Ka sani ba kai kaɗai ne uba ba

Ana cikin haka wani dattijon tela ya bayyana, wai zai ɗinka musu labule kyauta. Ya auna taga, ya tafi. Kashegari ya dawo ya sake auna ta. Yana awo yana yabon 'yata: babu kamarta, ita ce uwar marasa uwa, duk wanda ya canza ta ya cuci kansa. Da na ga awon ya ƙi ƙarewa, na leƙo.

"Malam tela, tagar nan girma take ƙarawa ne?"

"Kai fa, mai firij? Haihuwa kake jira ya yi?"

Muka dubi juna. Ya matso, ya rage murya. "Dogo ɗana ne. Shekara da shekaru yana bin gara, sai yanzu ya kusa gamawa, wani mara tsoron Allah ya hure masa kunne."

Na ce, "Allah ya tona asirinsa."

Ya ce, "Amin," yana kallona har cikin ido.

Wannan shi ne mataki mafi ɗaci. Abokin gabarka yana faɗin abin da zuciyarka take son ji, kai kuma dole ka musa. Daure. Ka tsara wa ɗan takararka alkawari guda ɗaya tak. Na Dogo shi ne ba zai taɓa kiran taro ba. Ɗalibai suka ji kamar an yi musu bushara.

Mataki na bakwai: Ranar zaɓe, zauna a gida

Gyara robar ƙofar, kwashe kayanka, ka ɓace. Tanadi fuskar jaje.

Ta dawo da yamma, ta ajiye wayar a kan tebur, wayar ta yi shiru. Ba ta ci abinci ba. Ta ce, "Baba, ashe ba sa so na." Za ka ji kamar an taka maka ƙirji. Kada ka yi magana. Fita tsakar gida, ka nemi wani abu mai lafiya ka gyara.

Bayan 'yan kwanaki ta jawo tebur bakin taga, ta fara rubutu. Babi na uku ya wuce, na huɗu ya bi shi. Aka buga kundi, aka yi masa bango mai kauri, ta kai wa Farfesan da ke duba aikinta. Ka gani? Na ce maka hanyar nan tana ci.

Mataki na takwas: Wani ɗan abu da ya rage

Kundi ba ya zama digiri sai Farfesa ya karanta ya sa hannu. Namu ya ɗora shi kan tulin wasu, ya tafi taro a wata ƙasa. Ya dawo, ya huta gajiya, ya tafi wani. Wa'adi kuwa yana ta matsowa.

Na tambaya, idan malami ya danne aiki, wa ke bi? Aka ce shugaban ƙungiya. Aka tura Dogo ofishin shugaban sashe. Ya je, ya gaida masinja, ya tambayi iyalinsa, ya dawo.

Na samu 'yata a falo tana shan shayi, hankali kwance.

"Uwata, ki je ki buga ƙofar nan kamar yadda kika saba mana."

"A matsayin wa, Baba? Ni yanzu ɗaliba ce kawai." Ta kurɓi shayi. "Malam tela ya gaishe ka. Ya ba ni labarin komai. Ka je ka gaya wa shugabanka."

To, abin da za ka yi ke nan. Kullum da safe ni da tela mukan sa Dogo a tsakiya, domin kundinsa ma yana cikin tulin. Mu haura da shi bene, ni ina riƙe da hannun dama, ubansa na hagu, muna koya masa abin da zai faɗa. Ana samun ci gaba. Jiya har ya ƙwanƙwasa. Aka ce ya shigo, ya shiga, ya ce gaisuwa ya zo yi.

Sanarwa

Alkawarin da na yi shi ne 'yarka za ta faɗi zaɓe, kuma ta faɗi. Ban ce za a ba ta digiri ba, koma sama ka duba. Duk abin da ya biyo baya, na fushin 'ya, ko dariyar mahaifiyarta, ko ƙulu a ka, ko cire suna, Allah ya kiyaye, babu hannuna, kai ka ɗauki kayan aikinka da kanka. Kada a zo shagona da ƙorafi, ba na nan. Wanda kuma ya san yadda ake sa Farfesa ya buɗe littafi kafin ƙarshen wata, don girman Allah ya same ni a benci, ƙofar shugaban sashe, kusa da tela.