Yadda Za Ki Tsira da Awar Hutunki a Makarantar da Malamai Ba Su Isa Ba

Sabuwar malama, barka da zuwa. An turo ki ƙaramar sakandaren gwamnati, kin tarar da yara maƙil, malamai kuwa kamar an yayyafa su. Nas ta yi ritaya, mai kula da laburare an sauya masa wurin aiki, mai ba ɗalibai shawara ya tafi ƙaro karatu bai dawo ba. Ba a kawo madadin ko ɗaya ba, ma'aikatar ilimi na nan tana duba lamarin. A cikin wannan hali aka yi kuskure aka bar miki awa guda a mako da ba ki da aji. Bi matakan nan, na ba ki tabbaci ba mai taɓa miki ita.

Mataki na 1: San mai farautarki

Mataimakiyar shugaban makaranta ce. A bayan idonta Ɗan-Taimaka ake ce mata, don da shi take buɗe kowace magana. Ba ta faɗa, ba ta tsawa. Murmushi za ta yi, ta tambayi lafiyar mutanen gida, ta yaba jakarki, kafin ki ankara kin zama mai sa ido kan tsaftar banɗaki.

Mataki na 2: Kada ki iya komai

Darasinki kaɗai kika sani. Malamin Turanci yana sabon zuwa fanka ta tsaya a ofishin malamai, ya hau kujera ya ɗan taɓa ta, ta juya. Aka tafa masa. Yau Injiniya ake kiransa, yara sun fi ganinsa da tsani a kafaɗa fiye da alli a hannu. Malamin lissafi kuwa fito kawai ya yi don ya raba yara masu faɗa. Tun ranar shi ne malamin wasanni, da tumbinsa da ciwon gwiwarsa.

Masana sun tabbatar, a irin wannan makaranta baiwa ciwo ce, a ɓoye ake jinyarta.

Mataki na 3: Zazzage jakarki

Kada a ga filasta, ko maganin ciwon kai, ko allura da zare. Yaro ya faɗi ya gurje gwiwa? Ki ce ayya, ki waiga hagu da dama kamar mai jiran nas. Wadda ta riga ki zuwa sau ɗaya ta ɗaure wa yarinya yatsa, washegari aka kai mata akwatin magani har aji.

Mataki na 4: Gyara tafiyarki

Rungumi tarin littattafan yara, ko da kin gama duba su. Ɗaga ƙafa, haɗe rai, ki riƙa motsa leɓe kamar mai lissafi a zuci. In Ɗan-Taimaka ta ɓullo ta gabanki, dafe goshi ki ce kin manta jan biro, ki juya.

Mataki na 5: Nemi maɓoya

Ofishin malamai tarko ne, nan take fara dubawa. Wuce ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiya, akwai ofishin mai ba da shawara. Tun da ya tafi ba wanda ya leƙa, kwaɗon ma ya daɗe da lalacewa. Akwai kujera mai laushi da taga mai kawo iska. Kakkaɓe ƙura, cire takalmi, buɗe flas ɗin shayinki. Rubutun da ke jikin ƙofa kada ya dame ki. Yara ba sa karanta abin da ba za a kawo a jarrabawa ba.

Mataki na 6: In an ƙwanƙwasa, ki yi lamo

Za a ƙwanƙwasa. Za ki zaci Ɗan-Taimaka ce, har ki ƙware da shayi. Ashe yaro ne ɗan aji ɗaya, riga ta yi masa yawa, yana ta murza bakinta.

"Malama, wai nan ake zuwa in mutum yana da damuwa?"

Amsar da ta dace ita ce a'a. Kada ki kalli fuskarsa. In kika kalla za ki ce ya zauna, shi kuma zai gaya miki daga bencin baya ba ya ganin rubutun allo, dishi-dishi kawai. A littafin abokinsa yake kwafa, to su abokin sun tashi daga unguwar, yanzu kullum malalaci ake ce masa. Bai faɗa wa malamin ajinsu ba, don ajin ya cika har malamin bai san sunansa ba.

Kada ki dawo da shi bencin gaba. Kada ki kira mahaifiyarsa ki ce a kai shi a duba masa ido. In kuma kin riga kin yi, kada ki tsaya kallonsa ranar da zai shigo da tabarau yana bin bango yana karanta komai da ƙarfi, har da gargaɗin zubar da shara.

Mataki na 7: Musanta

Yara ba sa riƙe sirri. Awar hutunki ta gaba za ki tarar da layi a baranda. Ga wadda ake tsokana saboda in'ina, ga wanda bai karya ba, ga wasu biyu da suka zo kallon wurin kawai. A ƙarshen layin ga Ɗan-Taimaka da sabon kwaɗo a hannu.

Ki ce iska kike zuwa sha. Ki ce ɓatan hanya ne. Za ta gyaɗa kai ta ce ai ta fahimta, ta ɗora makulli a tafin hannunki, ta naɗe miki yatsu a kansa.

"Ƙanwata, ba naɗa ki muka yi ba fa. Na wucin gadi ne."

Gargaɗi

Ba ruwan wannan jagora da awar da ta salwanta, ko shayin da ya huce, ko yaron da zai tare ki a kasuwa ya ce wa kakarsa ga malamarsu ta damuwa. Tabbacin da aka bayar a sama na masu iya cewa a'a ne. Mai ƙorafi ta kai shi ofishin mai ba da shawara. Makullin na hannunki.