Rasuwar Ƙusar Gidan Akoli

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Akoli, mai kai ruwa sansanin anasaran da ke neman dutsen ma'adini a dajin Arlit, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, Ƙusa, wadda ta cika a bakin aiki ranar Laraba da hantsi.

Marigayiyar 'yar asalin Faransa ce. Ta shigo Azbin a jikin akwatin kayan awo, Akoli ya zare ta da lallami ya kai ta gida. Tun daga ranar, duk gwangwanin sardin ko na madara da anasara suka yar bai tsira ba. Akoli yakan cika shi da yashi don kada ya lotse, ya zana da gawayi, ya ɗora marigayiya, ya bi ta da guduma. Ita ta huda taurari da jinjirin wata, da wani raƙumi da maƙwabta suka yaba ƙwarai suna cewa ba su taɓa ganin akuya mai kyansa ba. In aka sa wuta a ciki, sai gwangwani ya zama fitila, haske ya warwatsu a jikin bukka.

Ba ta da yawan zance. Kalma ɗaya ta sani, ƙwas, ƙwas, ƙwas, amma takan maimaita ta daga asuba har rana ta yi tsaka. Mariyama, matar Akoli, ta fi kowa morar wannan hira, har sai da ta koma ɗaure goshi da ƙyalle. Marigayiya kuma ba ta nuna bambanci: gwangwanin da Mariyama ke tatsar awaki ma ya samu rabonsa na taurari a gindi.

Ta daɗe tana fama da bajewar kai da dakushewar baki, Akoli yana jinyarta a dutsen wasa wuƙa. Ranar Talata aka neme ta aka rasa. Ya ɗaga tabarmi, ya tone yashin tsakar gida. Mariyama tana daka, ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, ƙila shan iska ta fita." Yadda mara lafiya ta tsallake darni ta kai hanyar mota, iyali ba su bincika ba, ko da yake an san Mariyama da ƙarfin hannu.

Washegari motar kumandan sansani ta biyo hanyar. Nan marigayiya ta yi huda mafi girma a rayuwarta, ta kuma faɗi kalmarta ta ƙarshe: fusss. Hamadi direba ya zaro ta daga ƙafar mota da awartaki, a lanƙwashe. Kumandan ya tara ma'aikata, ya ɗaga ta sama, ya sa Hamadi ya fassara cewa mai ita zai kwana gidan kaso a Agadas. Akoli yana tsaye riƙe da akalar raƙumi. Ya gane kan ƙusar nan da ya baje da hannunsa, ya kuma tuna da tukunyar gidansa. Da aka zo kansa, sai ya ce:

"Mushe Kumandan, ban taɓa ganinta ba. Irin wannan ƙusa ai 'yar ƙasarku ce."

Kumandan ya wurgar da ita. Da yamma Hamadi ya shigo da ita ƙulle a bakin rawani. "Yaya, ga gawarka," in ji shi. "Ba a hannuna ka same ta ba."

Ta rasu ta bar Guduma, wadda yanzu ta koma fasa sukarin shayi, da fitilu masu yawa da ke zaman aure har garin Cirozerin, da tulin gwangwanaye marayu a bayan ɗaki. Ta bar Akoli, wanda abinci ba ya wuce masa. Ta kuma bar Mariyama, wadda ta ɗauki rashin da dangana mai ban mamaki, har an ji tana waƙa a bakin rijiya.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar, a bayan garken awaki, nesa da hanyar mota. Ana roƙon masu ta'aziyya su yi kuka a hankali, domin sansani ba nisa, kuma wanda aka tambaya ya ce ɗan akuya ne ya mutu. Akoli zai haƙa kabari. Mariyama ta nemi a zurfafa ramin, ta ce kuma dutsen da za a danne shi da shi, ita za ta zaɓo.